Fitilar Ranar Asabar

Tamarack Bend, Wisconsin
6 ga Oktoba

Zuwa ga jikata Brenna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mahaifiyarki. Ni dai ga ni nan, da sauƙi. Gwiwar hagu ta ƙi ni, ta dama kuma tana shawara. Kunne kam ya riga ya yi sallama, shi ya sa na ce ki daina bugo waya, don ina jin ki kamar mai magana daga cikin rijiya. Ki rubuto. Ido bai gudu ba tukuna.

Katinki ya iso. Rabon da in sa ki a ido tun jana'izar matata Ardis, yau shekara shida, kafin nan kuwa tun kina rarrafe a gidan ƙanena, kakanki. Sai ga shi kin ce kin sami aiki a babban ofishin ƙungiyarmu ta ɗaliban jami'a maza, Gidan Fitila, a Indianapolis, kuma za ki zo mini Kirsimeti. Na yi dariya har na ƙware. Shekara sittin da ɗoriya ina ɗan Gidan Fitila ban taɓa taka wannan ofis ba, ke kuma da a zamaninmu ba a barin mace ta wuce falon gidan, kin zama mai rubuta mana doka. To, Allah ya sa albarka.

Tunda yanzu ke ta gida ce, bari in ba ki labarin reshenmu na jami'ar nan, don ki san ba duka ne suka lalace ba. Har yau ana kai fitila. Duk ɗalibin da ke neman shiga ƙungiya, ranar Asabar ana miƙa masa ɗaya daga tsofaffin fitilun ƙwai na gidan, ya hau bas ya kai wa ɗaya daga cikinmu tsofaffi. Ba ya zama sai an ce ya zauna. Ya yi aikin da aka sa shi, sharar ganye ko gyaran taga, sannan tsoho ya sa masa hannu a ɗan littafinsa. Sai ya tara hannun tsofaffi bakwai ake rantsar da shi. Daga Satumba zuwa Disamba ba na rasa baƙo. Ranar Juma'a nake sa Misis Dvorak, maƙwabciyata, ta sayo mini burodin kirfa, in kuma yi aski da sassafe.

Bana an turo mini wani Leng Moua, ɗan shekara sha tara, mai karatun injiniya. Shiru-shiru ne, ga ladabi. Ya share mini ganyen filin baya tas, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da fitilarsa kamar soja.

Na ce, "Kai, sabon shiga, ka iya dara?"

Ya ce, "Ɗan kaɗan, yallaɓai."

Na ce, "Zauna mu auna kaɗan ɗin."

Na cinye shi sau uku. Brenna, rabona da in ci wani a dara tun Ardis na da rai, ita ma sai ranar da ta manta tabarau. Da ya miƙo littafinsa sai na jefa shi cikin aljihun tebur, na ce, "Hannuna na rawa yau. Ka dawo Asabar." Ya ce, "To, yallaɓai." Ya dawo. Na sake cewa hannu na rawa. Jiya Asabar ta uku ke nan, littafin na nan cikin aljihun tebur, kuma hannuna, kin gani da idonki, ga shi yana rubutu sumul. Zan sa masa, ba yanzu ba. Yaron da bai iya dara ba yana bukatar malami.

Ki gaishe da mahaifiyarki. Ki zo da takalma masu kauri.

Ni ne kakanki,
Orrin Haugland


Tamarack Bend
10 ga Nuwamba

Brenna,

Bayan gaisuwa, ina fata lafiya ce ta ɓoye ki. Mako biyar ke nan ban ga amsarki ba. Ban ƙullace ki ba, na san sabon aiki yana cin mutum. In kuwa maganar da na yi ce ta cewa ba a barin mace ta wuce falo, wasa nake yi, ki yafe wa tsoho.

Ni lafiya lau, sai tari da ya zo da sanyi. Dusar ƙanƙara ta fara sauka ranar Laraba.

Abin da ya sa na sake ɗaukar alƙalami shi ne, Asabar biyar ke nan ba wanda ya zo. Leng bai zo ba, ba su kuma turo wani ba. Ta farko na ce jarrabawa ce. Ta biyu na ce bas ya lalace. Jiya na yi aski na zauna jikin taga har azahar. Misis Dvorak ta leƙo, ta ga burodi a faranti ba a taɓa ba.

Ta ce, "Orrin, wa kake jira haka da aski? Ko ka yi budurwa ne ba mu sani ba?"

Na ce, "In na yi, ke za a fara gaya wa, tunda ke ce gidan rediyon layin nan."

Ta ɗauke rabin burodin ta tafi.

Na rubuta wa shugaban ɗaliban gidan, shiru. Cikin tsofaffin da ake kai wa fitila, mu tara muka rage, biyu suna gidan kula da tsofaffi. Na aika wa ɗaya kati, ya amsa cewa shi ma ba wanda ya je masa. Tunda kina babban ofis, don Allah ki bincika mini. Ko wani abu ya sami yaran? Littafin Leng yana hannuna, ba kuwa za a rantsar da shi ba tare da shi ba. Wannan yana damuna.

Kakanki,
Orrin


Indianapolis
18 ga Nuwamba

Kaka Orrin,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya tarin? Ka sha abu mai ɗumi, ka kuma bar wa wani kwasar ƙanƙara. Mama tana lafiya, tana gaishe ka. Maganar falo ba ta ɓata mini rai ba, dariya ma na yi.

Na fara rubuta maka wasiƙar nan sau huɗu ina yagawa. Ba abin da ya sami yaran. Ni ce na tsayar da kai fitila.

Ranar da na fara aiki na sa hannu a kan cewa duk abin da na ji game da gwale-gwalen sababbin shiga, ko a ofis ko a kan teburin abinci, dole in kai rahoto. Wasiƙarka ta kwana biyu a jakata. A rana ta uku na shiga wurin shugabana a ofis, Mista Pruitt, na karanta masa sakin layi ɗaya, na rufe sunanka da yatsa.

Ya ce, "Wane tsoho ne wannan?"

Na ce, "Wani ɗan'uwana."

Ya ce, "Ɗan'uwan naki ya san ya rubuto mana shaida da hannunsa, har da kwanan wata?"

Na ce, "Yallaɓai, burodi yake ba su. Dara suke yi."

Ya ce, "Na sani. Kin taɓa ganin wanda ya rubuto ya ce mu mugaye ne? Kowa da burodinsa. Karanta mini dokar, ke kika gyara ta."

Ga ta, Kaka, kamar yadda take: duk abin da aka ɗora wa sabon shiga shi kaɗai, aka mai da shi sharaɗin shiga, in akwai haɗari a ciki, ko wulaƙanci, ko yi wa wani hidima, gwale-gwale ne, ko da sabon shigan ya ce ya yarda. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi ƙi. Dalilinsa kuwa, wanda ke neman a karɓe shi, "to" ɗinsa ba ta da nauyi.

In muna koya wa ɗalibai, tambaya uku muke ba su. Waɗanda suka riga suka shiga suna yin abin tare da shi? Zai iya cewa a'a, a kuma rantsar da shi? Za ku iya yi a gaban uwarsa?

An dakatar da duk harkar sababbin shiga a reshen har kwamiti ya zauna a watan Fabrairu. An hana su tuntuɓar tsofaffi kafin nan, shi ya sa ba su amsa maka ba. Kwamiti na iya gyara al'adar, yana iya soke ta. Ni an cire ni daga zaman saboda zumunci.

Ban yi don in cuce ka ba. Na san me Asabar take a wurinka, ka faɗa mini ba tare da ka faɗa ba. Ina nan zuwa Kirsimeti, mu yi magana ido da ido, in ma ihu zan riƙa yi a kunnenka.

Jikarka,
Brenna


Tamarack Bend
25 ga Nuwamba

Brenna,

Na sami wasiƙarki. Lafiyata ƙalau. Tari ya tafi.

Na karanta dokarki sau uku. An rubuta ta da kyau. Wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin gwale-gwale ba, a takarda ya karanta. Bari wanda ya gani ya gaya miki.

A zamaninmu akwai katakon duka rataye a bangon falo, kowa da nasa, da sunansa a jiki. Akwai kuma abin da muke kira tattaki. A zuba sababbin shiga a mota, a kai su bayan gari, a karɓe rigunan sanyinsu, a ce su dawo da ƙafa. A Janairun 1960 ni na tuƙa motar. Cikinsu akwai wani Virgil Stensrud, ɗan manomi, ya sako takalman zuwa coci don an ce masa liyafa za a je. Da na sauke su wajen la'asar, ya leƙo ta taga ya ce, "Orrin, mil nawa ne?" Na ce, "Biyu." Sha ɗaya ne. Iska ta juya kafin su yi rabi. An yanke masa yatsun ƙafa uku. Bai taɓa faɗa wa hukumar jami'a sunan direba ba. Ya rayu shekara hamsin da biyar bayan haka yana ɗingishi, duk Kirsimeti yana aiko mini kati.

Shekarar da ta biyo baya aka ba ni kula da sababbin shiga. Na sauke katakan nan na cusa su a murhu, a gaban kowa. Wani ya ce, "To, Limamin Coci, da me za mu gwada su? Da waƙa?" Na sauka ɗakin ajiya na ga fitilun ƙwai guda bakwai sun yi tsatsa. Na ce da waɗannan. Maimakon mu aika yaro daji ya daskare, mu aika shi gidan tsoho ya sha gahawa. Ni na ƙirƙiro kai fitila, Brenna. Ni na yanka littafin farko da almakashi. Shekara sittin ba wanda ya ƙuje ko gwiwa. Virgil ma an kai masa fitila har ya mutu, kuma ya ce mini ita ce abu ɗaya na kirki da gidan ya taɓa yi.

Yau kuma an sa ta layi ɗaya da katako da tattaki, kuma da hannun jinina.

Tambayoyinki uku. Ta farko, a'a, amma su ma sun yi a lokacinsu. Ta biyu, ba wanda ya taɓa cewa a'a, don ba abin ƙi a ciki. Ta uku, ƙwarai kuwa. A kawo uwarsa, a kawo kakarsa, in ba su kujera da burodi.

Kin ce "to" ɗin yaro ba ta da nauyi. Na zauna da Leng Asabar uku, na ga fuskarsa. Ke ba ki gani ba. Na san mai jin daɗi in na gan shi.

Kirsimeti kuwa, ba sai kin zo ba.

Orrin Haugland


Indianapolis
9 ga Janairu

Kaka Orrin,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya.

Ban zo ba, kamar yadda ka ce. Na yi Kirsimeti a gidan Mama, takalman da na saya suna nan cikin kwalinsu. In ba ka son ganina, na fahimta. Ba zan matsa ba. Labarin Virgil kuwa ban san shi ba, ko Mama ba ta sani ba. Na daɗe ina juya shi a raina.

Abu ɗaya ya sa na rubuto. Kwamiti ya karɓi bayanin kowane sabon shiga a rubuce. Leng ya roƙi a nuna maka nasa, ya ce bai son ka ji a bakin wani. Mista Pruitt ya yarda. Ga shi na kwafo maka:

"Mista Haugland bai taɓa yi mini tsawa ba. Yana da kirki, kuma na koyi abubuwa a wurinsa. Kada a hukunta shi. An tambaye ni ko zuwan ya hana ni wani abu. Kakata tana da teburi a kasuwar manoma ta ranar Asabar, tana sayar da kabeji da barkono da ganye. Ba ta jin Turanci sosai, bayanta kuma ba ya ɗaukar kwando. Tun ina ɗan shekara goma ni nake sauke mata kaya, nake magana da masu saye. Na shirya rasa Asabar bakwai, na samo wanda zai tsaya mata a waɗannan. Ukun da na yi a Tamarack Bend biyu ba sa cikin lissafina. Rana ta biyu ta tafi ita kaɗai. Rana ta uku ba ta je ba, kayan suka lalace a mota. An tambaye ni me ya sa ban faɗa masa ba. Littafina yana cikin aljihun teburinsa. Ni ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a, ban san abin da ake faɗa wa tsoho irinsa da abin da ba a faɗa ba."

Ban aiko don in ci nasara a kanka ba, Kaka. Shi ya nema.

Brenna


Tamarack Bend
21 ga Janairu

Jikata Brenna,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ki fara jin wannan tukuna, don ya fi kome: ban kore ki ba. Ranar sha tara ga Disamba aka yi mini aikin gwiwa, na yi Kirsimeti a gadon asibiti ina cin talotalon da ya fi takalmina tauri. Na san ranar tun kafin in rubuto miki. Ban so ki tuƙo mota awa bakwai cikin ƙanƙara don ki zauna kusa da tsoho mai rigar asibiti. Da na faɗa miki dalili, da kin zo, shi ya sa na ɓoye. Amma gaskiya ita ce haushi ma ya taimaka wajen gajarta layin. Na bar shi ya yi kaifi da gangan. Ki yafe mini. Yanzu ina tafiya da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, Misis Dvorak na kirana jirgin ƙasa.

Na karanta bayanin Leng. Na ajiye, na tashi na dafa gahawa, na manta da ita har ta huce.

Na ce miki a kawo kakarsa in ba ta kujera. Ashe tana can tsaye ita kaɗai kan kwandunanta, ni kuma ina nan da jikanta ina tura 'ya'yan dara. Tsoho ya sace wa tsohuwa jika. Na bincika kaina ko na taɓa tambayarsa me yake yi ranar Asabar. Ban taɓa ba. Na tambaye shi karatu, na tambaye shi ko ya iya dara. Wanda littafi ke aljihun teburinsa ba ya bukatar tambaya.

Har yanzu ban yarda fitila da katako abu ɗaya ba ne, kuma in Mista Pruitt naki ya zo zan faɗa masa. Amma na tuna Virgil yana tambayata mil nawa ne, na ce biyu. Na tuna Leng yana miƙo littafi, na ce hannuna na rawa. Ƙaryar ƙarama ce a kan waccan, amma bakin ɗaya ne, kuma duka biyun sun yi murmushi sun ce to. Fitilar ba ta da laifi. Littafin ne. Na ƙone katako, na yanka wani da almakashi ban sani ba.

Ga littafin Leng a cikin ambulan nan. Na sa hannu, na rubuta kwanan watan Asabar ta farko, don ranar ya cancanta. Ga kuma takarda zuwa ga kwamiti. Na ce musu laifin riƙe littafi nawa ne ni kaɗai, kada a rufe wa yara gida saboda ni. Na roƙi a soke sa hannu, a bar fitilu a rataye a bakin ƙofa, duk mai so ya ɗauka, sabo ko tsoho, kada kuma a rubuta wanda ya je da wanda bai je ba.

Na san abin da nake roƙo. In ba dole, wa zai hau bas na awa guda don ya ji labarin gwiwata? Amma ba ni da wata amsa ga tsohuwar nan.

Kakanki,
Orrin


Indianapolis
16 ga Fabrairu

Kaka Orrin,

Sannu da jiki. Aikin gwiwa guda ka ɓoye mini! Wallahi in na zo sai na ɓoye maka tabarau kwana biyu, ka ji yadda ake ji. Mama ta ce taurin kan nan na gado ne, wai har ni na ɗebo.

Kwamiti ya zauna ranar Alhamis. Ba a rufe reshen ba. An soke littafi, an soke tsayuwa a bakin ƙofa, an bar fitilu kamar yadda ka roƙa. Mista Pruitt ya karanta takardarka a gabansu. Da ya fito ya ce mini, "Ki gaya wa ɗan'uwan naki mai burodi, shi ne na farko da ya taɓa kai ƙarar kansa a ofishin nan." Za a rantsar da su Leng a watan Maris.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Kaka, ban san ko wani zai zo ba. A wasu rassan da aka cire dole, abin ya mutu cikin shekara guda. Ni dai ina zuwa a watan Mayu, kuma wannan karon ba izini nake nema ba.

Jikarka,
Brenna


Tamarack Bend
21 ga Afrilu

Jikata Brenna,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da mahaifiyarki. Gwiwa ta yi sauƙi, na ajiye mai ƙafa huɗu na koma sanda. Ƙanƙara ta narke, ganyen bara da Leng bai kai gare shi ba ya fito fili yana hararata.

Kin yi gaskiya. Asabar takwas ba wanda ya zo. Ta huɗu na daina aski. Ta shida na ce wa Misis Dvorak ta daina sayo burodi. Ta ce, "Budurwar ta yaudare ka ke nan?" Na ce, "Ashe sadakin take so." Washegari ta kawo miyar wake. Ban yi fushi da yaran ba. Shekara sittin ina zaton mu suke zuwa gani. Gara da na sani kafin in mutu, ko da yake ba zan ce sanin ya yi daɗi ba.

Jiya Lahadi, bayan coci, ina gyangyaɗi a kujera, sai na ga inuwa a taga. Leng ne. Ba fitila a hannunsa, sai wata 'yar kwalba. Kafin in ce kome ya shigo ya zauna a kujerar Ardis, ya miƙe ƙafa.

Na ce, "Kai, wa ya ce ka zauna?"

Ya ce, "Ba kowa, Orrin."

Orrin! Ba yallaɓai ba. An rantsar da shi, yanzu ni da shi ɗaya muke a dokar gida.

Na ce, "Ka yi ɓatan rana. Yau Lahadi."

Ya ce, "Asabar ta kakata ce. Lahadi ba ta kowa ba ce."

Na fara ba shi haƙuri kan tsohuwar, na shirya maganar tun Janairu. Ya bar ni na gama, bai ce mini "ba kome" ba, abin da ya burge ni. Sai ya turo kwalbar, ya ce kakarsa ce ta daka barkonon da kanta, ta ce a kawo wa tsohon da ya riƙe mata jika. Na lakata da bakin cokali. Brenna, na ga Ardis, na ga Virgil, na ga duk waɗanda suka riga mu. Hawaye har gemu. Ya ce, "Ta ce in ka yi kuka, kun yi canjaras."

Sannan ya jawo allon dara da kansa.

Ya cinye ni sau huɗu a jere. Na ƙarshe ko 'ya'yansa uku ban ci ba. Na ce, "Wa ya koya maka cikin wata shida?"

Ya ce, "Tun ina ɗan shekara bakwai nake yi da tsofaffin kasuwa. Ba ka iya ba, Orrin. Kana barin bayanka a buɗe."

Na ce, "To, wasa taran da na ci ka bara fa?"

Ya ce, "Na ɗauka in kana ci za ka ji daɗi ka sa mini hannu."

Ni kuwa daɗin cin ne ya hana ni sa hannun. Dara ta ci gida, gida biyu. Muka yi ta dariya har Misis Dvorak ta leƙo ta ga ko lafiya. Na gaya miki na san mai jin daɗi in na gan shi. Jiya na fara ganin fuskar yaron nan.

Bai share ganye ba, ban kuma ce ya share ba. Da zai tafi na tambaye shi yaushe zai dawo. Ya ce in ya ga dama. Bai faɗi rana ba, ni ma ban nema ba. Na dai yi aski yau da safe, ko da yake Litinin ce.

In za ki zo a Mayu, ki taho mini da littafin koyon dara, mai manyan haruffa.

Ni ne kakanki,
Orrin Haugland